Rubutu Ba Isnadi: Na'ura Mai Tsara Magana da Kundin Binciken Ɗalibai a Jigawa

A shekarar 1930 aka kammala shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa ta Ringim, ya mayar da garin babbar tashar awon gyaɗa. Jirgin ƙasa ya shigo ne da rugugi da hayaƙi, kowa ya ji, kowa ya gani. Baƙon da ya sauka a garin cikin 'yan shekarun nan kuwa ko tari bai yi ba. A watan Afrilu na 2024 kamfanin Meta ya saka manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira cikin WhatsApp a wasu ƙasashe, har da Nijeriya, sai masu waya suka riƙa ganin wani ɗan shuɗin zobe a fuskar wayoyinsu. Duk wanda ya taɓa zoben nan ya rubuta tambaya, kafin ya ɗauke yatsa amsa ta fito cikin Turanci mai santsi, ba gargada, ba kuskuren nahawu.

Ga manomi ko ɗan kasuwa wannan abin nishaɗi ne. Ga ɗalibin babbar makaranta da malaminsa kuwa al'amarin ya wuce nan. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga watan Agusta, 1991, babu jami'a ko ɗaya a cikinta. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, a 2013 aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa, wadda daga baya aka sa wa sunan Sule Lamiɗo, sannan a 2021 aka ba Jami'ar Khadija ta Majiya, a ƙasar Taura, izinin fara aiki. Ringim ita kanta tana da kwalejin da aka daɗe da saninta da koyar da addinin Musulunci da shari'a, wadda yanzu ta haɗa da horar da malaman makaranta. A irin waɗannan makarantu, ɗalibi ba ya karɓar takardar shaidarsa sai ya rubuta kundin bincike a shekarar ƙarshe, galibi mai babi 5, kuma in ban da 'yan sashen Hausa da na Larabci, cikin Turanci zai rubuta shi. Malaminsa ma ba ya samun ƙarin girma sai ya nuna maƙalun da ya buga a mujallun ilimi. Watau dai dukkansu biyu rubutu ne ya tsare musu hanya, ga shi kuwa an kawo musu na'urar da ba ta da wata sana'a sai rubutu.

Yadda Take Aiki

Idan aka ce wa Bahaushe "gani ya kori", ba sai ya yi tunani ba zai ce "ji". Idan aka ce masa "sannu sannu ba ta hana", zai ƙarasa da "zuwa". Ba wai ya auna ma'anar maganar ba ne a wannan lokaci. Kunnensa ne ya saba da cewa wannan kalma ita ke bin waccan. A kan wannan ɗabi'a ta harshe aka gina dukkan manhajojin da ake magana a kansu, irin su ChatGPT da Gemini da Claude da Meta AI.

Dabarar ta girmi kwamfuta. A 1913 wani masanin lissafi ɗan Rasha, Andrei Markov, ya zauna da fensir da takarda ya ƙirga haruffa 20,000 daga wani littafin marubucin ƙasarsu Pushkin, yana lura da sau nawa wasali ke bin baƙi, sau nawa kuma yake bin ɗan'uwansa wasali. Ya gano cewa harafin da ya gabata yana da tasiri a kan wanda zai biyo, kuma ana iya auna wannan tasiri da lissafi. A 1948 da 1951 Claude Shannon na Amurka ya faɗaɗa nazarin, har ya riƙa sa mutane su cinki harafin da zai biyo a cikin jimlar da aka ɓoye musu ƙarshenta. Abin da ya rage shi ne samun injin da zai iya yin wannan cinke a kan kalmomi masu ɗimbin yawa, yana kuma tuna abin da aka faɗa can baya a cikin zancen. A 2017 wasu masana 8 na kamfanin Google suka fito da tsarin da ya warware wannan matsala, wanda ke ba na'ura damar duban dukkan kalmomin da suka gabata a lokaci guda, ta auna wacce ce ta fi alaƙa da wacce.

Horar da irin wannan manhaja ba wani sihiri ba ne, maimaici ne kawai wanda ya wuce ƙarfin ɗan Adam. Ana ba ta rubutu daga intanet da littattafai, a ɓoye kalmar gaba, ta cinka; in ta kuskure a ɗan gyara wasu lambobi da ke cikinta, a sake. Manhajar GPT-3 da kamfanin OpenAI ya fitar a 2020 tana da irin waɗannan lambobi har biliyan 175. Bayan nan sai a ɗauko mutane su riƙa duba amsoshinta suna zaɓar wadda ta fi gamsarwa, domin ta koyi ladabin amsa tambaya. Da wannan ƙarin horo aka sami ChatGPT, wadda aka buɗe wa jama'a ranar 30 ga watan Nuwamba, 2022.

A 2021 wasu masana, cikinsu har da Emily Bender da Timnit Gebru, sun kwatanta waɗannan manhajoji da aku, tsuntsun da ke maimaita magana ba tare da sanin inda ta dosa ba. Mai karatun Hausa zai yi murmushi, domin kuwa a Magana Jari Ce na Abubakar Imam aku ne ya kai har muƙamin waziri da ƙarfin bakinsa. Kwatancen bai cika ba, saboda manhajojin yau suna warware lissafi mai wuya, suna rubuta umarnin kwamfuta da ke aiki, abin da aku ba ya yi. Amma akwai gaskiya guda a cikinsa da ya kamata a riƙe: abin da aka fara horar da na'urar a kai shi ne ta fitar da maganar da ta yi kama da daidai. Sau da yawa abin da ya yi kama da daidai shi ne daidai ɗin. Wani lokaci kuwa ba shi ba ne, kuma muryarta ba ta sauyawa tsakanin biyun.

Inda Ta Yi Rana

Zai zama rashin adalci a fara da aibi. Ɗalibin da ya tashi a Sankara ko Kyarama, wanda Hausa ce harshen gidansu da na kasuwarsu, yana ɗauke da kaya biyu in ya zo rubutun kimiyya: ga nauyin ilimin, ga nauyin Turanci. An auna wannan nauyi na biyu. A watan Yuli na 2023 mujallar PLOS Biology ta buga binciken Tatsuya Amano na Jami'ar Queensland da abokan aikinsa, waɗanda suka tambayi masu binciken kimiyyar muhalli 908 daga ƙasashe 8, har da Nijeriya. Sun gano cewa wanda Turanci ba harshen uwa ba ne gare shi yana iya ɓatar da ƙarin lokaci har kashi 91 cikin 100 wajen karanta maƙala, da ƙarin kashi 51 cikin 100 wajen rubuta ta. Haka kuma yawan mayar masa da maƙala saboda raunin Turanci kawai ya ninka na ɗan asalin harshen fiye da sau 2 da rabi.

A nan na'urar ta zo da sauƙi na haƙiƙa. Mai binciken da ya auna gonakin riɗi, ya tara alƙalumansa, ya san abin da ya gano, amma jimlolinsa suna tuntuɓe, yana iya miƙa mata sakin layi ta daidaita masa nahawu cikin daƙiƙa kaɗan. Can baya sai ya biya kamfanin gyaran rubutu na ƙasashen waje da dala, ko ya yi ta bin wani malamin sashen Turanci yana roƙo. Tana iya warware masa wata dabarar ƙididdiga da littafi ya dunƙule, ya tambaya sau goma ba ta gajiya, ba ta kuma yi masa kallon raini. A duk waɗannan ayyuka ilimin yana hannun mutum, na'ura wanki da guga kawai take yi. Matsala tana farawa ne ranar da aka ce ta saƙa tufar gaba ɗaya.

Manazarta Na Bogi

Babi na biyu na kowane kundi shi ne bitar ayyukan da suka gabata, inda ɗalibi zai nuna abin da magabata suka rubuta a kan batunsa, da sunan kowa, da shekara, da mujalla, da shafi. Shi ne babin da ya fi gajiyarwa, shi ne kuma wanda aka fi sha'awar ɗora wa na'ura. To, amma a nan ne ta fi haɗari. Ta ga dubban daruruwan jerin manazarta lokacin horonta, ta san siffarsu sarai: suna, sai shekara, sai take, sai mujalla. Saboda haka in aka tambaye ta madogara, tana iya ƙera wadda ta cika dukkan siffofin nan, da sunan masani na gaskiya da mujalla ta gaskiya, alhali maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba.

A 2023 William Walters da Esther Wilder suka gwada abin. Sun sa ChatGPT ta rubuta gajerun bitoci a kan batutuwa 42, suka bi manazarta 636 da ta kawo ɗaya bayan ɗaya, suka buga sakamakon a mujallar Scientific Reports. A tsohon samfurin manhajar, GPT-3.5, kashi 55 cikin 100 na manazartar ƙage ne. A sabon, GPT-4, kashi 18 cikin 100. Ko waɗanda suka kasance na gaskiya ma, da dama suna da kuskure a shekara ko shafi ko sunan marubuci. Tun kafin wannan, a watan Nuwamba na 2022, kamfanin Meta ya fitar da wata manhaja mai suna Galactica wadda aka horar musamman a kan maƙalun kimiyya. Kwana 3 kacal ta yi a buɗe aka janye ta, bayan masana sun nuna tana ƙirƙiro bincike tana jingina shi ga mutane masu rai.

Ɗaliban shari'a na Ringim suna da darasi na musamman a wata ƙara da aka yi a birnin New York. Wani fasinja ya kai kamfanin jiragen sama na Avianca ƙara, yana cewa keken rabon abinci ya buge shi a gwiwa cikin jirgi. Lauyansa ya nemi ChatGPT ta samo masa hukunce-hukuncen baya da za su ƙarfafa hujjarsa, ta ba shi, ya shigar gaban kotu. Lauyoyin ɗaya ɓangaren suka duba ko'ina ba su sami 6 daga cikinsu ba, domin kuwa babu su. Abin da ya fi ban mamaki shi ne lauyan ya tambayi na'urar ko shari'o'in na gaskiya ne, ta tabbatar masa da cewa na gaskiya ne. A watan Yuni na 2023 alƙali Kevin Castel ya ci lauyoyin da ofishinsu tarar dala 5,000. Kada a ce wannan ciwon farkon zamani ne da ya warke. Gaskiya ne manhajojin yanzu suna iya leƙa intanet su kawo adireshin abin da suka karanta, kuma hakan ya rage ɓarnar ƙwarai. Duk da haka a watan Oktoba na 2025 kamfanin Deloitte ya amince zai mayar wa gwamnatin Ostireliya wani ɓangare na kuɗin wani rahoto da ya rubuta mata, bayan an gano manazarta na bogi a ciki, har da maganar da aka jingina wa wani hukuncin kotu alhali ba ta cikinsa.

Wannan cuta ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna gaban malaman hadisi, sai dai ta sauya riga. Tun ƙarnonin farko na Musulunci an sami masu ƙaga magana su ɗaura mata jerin sunayen maruwaita amintattu, domin ta shiga kunnen jama'a. Malamai ba su tsaya duba daɗin lafazin ba. Sun kafa ilimi sukutum na bin isnadi: wane ya ji daga wane, a wane gari, shin ma sun yi zamani ɗaya, yaya ƙarfin haddarsa, yaya gaskiyarsa. Ana ruwaito cewa da Imamu Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya shiga Bagadaza, malaman garin suka shirya masa jarrabawa. Suka ɗauki hadisai 100 suka musanya isnadinsu, na wannan aka ɗora wa wancan, suka raba wa mutum 10. Kowanne ya karanto nasa, Bukhari yana cewa bai san shi ba, har aka ƙare. Sannan ya koma daga farko ya mayar da kowane matani ga isnadinsa. Abin da mutanen Bagadaza suka yi da gangan don gwaji, shi ne abin da na'ura ke yi ba da niyya ba: suna na gaskiya, mujalla ta gaskiya, haɗin ne ƙarya. Jerin manazarta a ƙarshen kundi isnadi ne na ilimin zamani. Ɗalibin da ya kwafo shi bai buɗe ko ɗaya daga cikin ayyukan ba, ya ruwaito daga wanda bai taɓa gani ba.

Kogin Haɗeja da Abin da Ba Ya Cikin Intanet

A ɗauki misalin ɗalibar sashen labarin ƙasa da aka ba batun ambaliya a Ringim. Batu ne mai rai, domin a daminar 2022 ruwa ya ci gidaje da gonaki masu yawa a wannan yanki. Idan ta tambayi na'ura, za ta sami bayani mai tsari a kan sauyin yanayi da toshewar magudanai da gini a kan hanyar ruwa. Mai yiwuwa ma a ambaci cewa kogin Kano da na Calawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, da madatsar Tiga ta 1974, da ta Calawa ta 1992, da ciyawar kacala da ke toshe hanyar ruwa can ƙasa wajen Haɗeja da Guri. Duk wannan yana rubuce a wurare da dama, na'ura ta karanta shi.

Amma wace unguwa ce ruwa ya fara shiga, ta wace kafa, a wane dare? Buhu nawa manomin fadama ya saba samu, nawa ya samu a waccan shekara? Wane suna dattawa ke kiran tsohuwar hanyar ruwan da aka yi gini a kanta? Wannan ilimi yana bakin masu unguwanni da masunta da manoma, yana cikin fayilolin ƙaramar hukuma da na Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, yana cikin kundayen ɗaliban baya da ke jere a kantocin ɗakunan karatu. Na'ura ba ta taɓa ganinsa ba. Illar ita ce ba kullum take cewa ba ta sani ba. Tana iya cike gurbin da abin da ya saba faruwa a wasu garuruwa, ta kawo adadi mai kama da na gaskiya. Mafi muni shi ne ɗalibin da zai ce ta cike masa takardun tambayoyi 200 da bai raba wa kowa ba. Wannan ya fita daga babin neman taimako, ƙagen sakamako ne, laifin da ya fi kowane girma a kimiyya, kuma in aka ajiye kundin a ɗakin karatu, wani zai zo baɗi ya dogara da shi.

Dalilin wannan giɓi a fili yake. Kimanin kashi 93 cikin 100 na kalmomin da aka horar da GPT-3 da su na Turanci ne. Hausa, duk da masu magana da ita sun haura miliyan 50, rabonta a rubutun intanet bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa Hausar na'ura takan fito da ƙamshin fassara, takan rikita jinsi, takan kuma yi watsi da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, har ta kasa raba ƙafa da kafa. An tashi tsaye a kan wannan. Ƙungiyar Masakhane ta masu binciken harsunan Afirka ta kafu a 2019. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin gajerun rubuce-rubuce na Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Buroka waɗanda mutane suka tantance da hannu domin koyar da na'ura. A 2024 kamfanin Lelapa AI na Afirka ta Kudu ya fitar da InkubaLM, ƙaramar manhaja mai harsuna 5 har da Hausa, sannan a watan Satumba na 2025 gwamnatin Nijeriya ta ƙaddamar da N-ATLaS mai Hausa da Yarbanci da Ibo. Sai dai rubutun kimiyya cikin Hausa yana buƙatar keɓaɓɓun kalmomi, aikin da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta daɗe tana yi, kuma na'ura ba za ta koyi kalmar da ba a yawaita rubuta ta ba.

Sawun Ɓarawo da Sawun Mai Gida

Ba ɗalibai kaɗai ke zamewa ba. Guillaume Cabanac na Jami'ar Toulouse a Faransa ya shahara da farautar maƙalun da aka manta ba a share sawun na'ura a cikinsu ba. A 2023 ya tsinci kalmomin maɓallin ChatGPT na neman sabuwar amsa zaune a tsakiyar wata maƙala a mujallar Physica Scripta. A 2024 aka ga wata maƙala a kan batir a mujallar Surfaces and Interfaces wadda gabatarwarta ta buɗe da jimlar da na'ura ke cewa ga gabatarwar da aka nema. A watan Fabrairu na shekarar wata mujallar kamfanin Frontiers ta buga zanen ɓera mai gaɓoɓin da Allah bai halitta ba, da rubutun da ba na kowane harshe ba a gefensa. An janye duka ukun. Abin tambaya shi ne yadda suka wuce editoci da masu tantancewa tun farko.

Waɗannan su ne masu sakaci. Domin auna yawan sauran, Dmitry Kobak na Jami'ar Tübingen a Jamus da abokansa suka bi tsakuren maƙalun likitanci da kimiyyar halittu fiye da miliyan 15 da aka buga daga 2010 zuwa 2024, suna neman kalmomin da suka yi tsalle farat ɗaya bayan fitowar ChatGPT. Sakamakon da suka buga a Science Advances a 2025 ya nuna cewa aƙalla kashi 13.5 cikin 100 na tsakuren 2024 sun bi ta hannun na'ura. Cikin kalmomin da suka fi tsalle akwai "delve", mai nufin kutsawa cikin batu.

Wannan kalma ta jawo wa 'yan Nijeriya rigima. A watan Afrilu na 2024 wani fitaccen mai zuba jari a harkar fasaha, Paul Graham, ya rubuta a dandalin X cewa ganinta a cikin wasiƙa alama ce ta rubutun ChatGPT. 'Yan Nijeriya suka yi masa ca, suna cewa kalma ce da suka koya tun sakandare, suke kuma amfani da ita a jarida da wasiƙar ofis. Suna da gaskiya, kuma maganar ta fi gardamar dandali nauyi. A watan Yuli na 2023 masana daga Jami'ar Stanford, ƙarƙashin James Zou, suka buga gwajin da suka yi wa manhajoji 7 masu da'awar gane rubutun na'ura. Sun ba su insha'i 91 da ɗalibai baƙi suka rubuta da hannunsu a jarrabawar Turanci ta TOEFL. A matsakaici, kashi 61 cikin 100 aka yanke musu hukuncin cewa na'ura ce ta rubuta. Insha'in yaran Amurka kuwa kusan duka aka wanke su. Dalili shi ne manhajojin suna auna yadda kalmomin rubutu ke da sauƙin cinka, wanda kuwa ya koyi Turanci a aji yakan tsaya kan kalmomi da jimlolin da ya tabbatar da ingancinsu. A wannan watan ne OpenAI ta rufe tata manhajar ganowa saboda rashin inganci. Da ma tun farko ta ce kashi 26 cikin 100 kawai take kamawa.

Saboda haka malamin da zai kayar da ɗalibi don wata manhaja ta nuna jan adadi, yana iya hukunta mai gida ya bar ɓarawo, tunda mai wayo ya san yadda zai sa na'urar ta sauya salo. Manhajojin kama satar rubutu, irin su Turnitin da EagleScan wadda kwamitin shugabannin jami'o'in Nijeriya ya ƙaddamar a 2021, asalin aikinsu shi ne kwatanta rubutu da wanda aka riga aka ajiye. Rubutun na'ura kuwa sabo ne fil, ba shi da tagwai a ko'ina.

Manyan mujallu sun gane haka, sun koma kan amana da bayyana gaskiya. A watan Janairu na 2023 Nature ta ce ba za a sa sunan manhaja cikin marubutan maƙala ba, domin marubuci shi ne wanda za a iya tuhuma in an sami kuskure, na'ura kuwa ba ta ɗaukar alhaki. Wanda ya yi amfani da ita ya faɗa a sashen hanyoyin bincike. Science ta fara da haramci gaba ɗaya a wannan watan, amma a Nuwamba na shekarar ta sassauta, ta yarda a yi amfani da ita bisa sharaɗin a bayyana wacce ce da yadda aka yi. Kwamitin ɗa'ar buga bincike na COPE ya ɗauki matsaya irin wannan a Fabrairu na 2023.

Makarantun Jigawa suna da wani makami da mujallun Turai ba su da shi, watau zaman kare kundi, inda ɗalibi ke tsayawa da ƙafafunsa gaban malamai. Edita a Landan ba ya ganin fuskar marubuci. Malami a Ringim ko Dutse yana ganinta. Yana iya ɗaukar madogara 3 daga jerin manazarta ya ce a kawo su a buɗe shafin. Yana iya neman littafin da aka rubuta awon gona a ciki, da takardun tambayoyin da aka cike da biro, da sunayen ƙauyukan da aka je da ranakun zuwa. Yana ma iya ajiye Turanci gefe ya ce ɗalibi ya bayyana masa babi na huɗu da Hausa, kamar yadda zai gaya wa mahaifinsa. Wanda ya yi aikin da kansa, ko da na'ura ce ta goge masa nahawu, zai saki jiki ya yi bayani har ya wuce abin da ya rubuta. Cikas ɗin shi ne lokaci: malami ɗaya yakan duba kundin ɗalibai da yawa a zango guda, ga darasi, ga makin jarrabawa, ga nasa maƙalun da ake jira kafin a ƙara masa girma, kuma shuɗin zoben nan yana cikin tasa wayar shi ma.